Ferdinand von Hebra: Likitan da ya raba cutar soriyasis da kuturta

Duk likitan da ya taɓa zama a ɗakin duba marasa lafiya na wani babban asibiti a Arewa ya san irin wannan baƙo. Magidanci ne, ya shigo sanye da riga mai dogon hannu ana tsakiyar zafin bazara, kuma sai an rufe ƙofa sannan zai naɗe hannun rigar ya nuna gwiwar hannunsa. A wurin akwai tabo mai kauri wanda iyakarsa ta fito sarai, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, idan an sosa sai ɓawo ya riƙa zuba. Kafin ya tambayi magani, abin da yake so a fara gaya masa shi ne ko kuturta ce, domin kuwa a gida an riga an ware masa kwano da buta.

Sau da yawa mai irin wannan siffa cutar da likitoci ke kira soriyasis ce ke damunsa. Ba a ɗaukarta daga wani, ba a kuma shafa wa wani. Garkuwar jikin mutum ce ke rikicewa ta tunzura fatarsa, ta yadda sabuwar fatar da ya kamata ta ɗauki kimanin wata guda kafin ta nuna ta fito sama, sai ta riƙa fitowa cikin 'yan kwanaki tana taruwa a kan juna. Ta fi son gwiwar hannu da ta ƙafa da fatar kai da gadon baya, takan ɓata farce, wasu kuma ta kama masu gaɓoɓi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 ya ce aƙalla mutum miliyan 100 ne ke ɗauke da ita a duniya. Idan a yau likita na iya duban wannan magidanci ya kwantar masa da hankali, to kaso mai tsoka na godiyar ya kamata ya tafi ga wani likita ɗan ƙasar Ostiriya da ya rasu tun 1880, wato Ferdinand von Hebra. Tarihinsa nake so mu duba, mai karatu, da abin da ya gano da kuma inda ya kuskure, domin kuskuren nasa ma yana da amfani ga masu rubuta ƙa'idojin magani a wannan zamani.

Ruɗanin da Hebra ya tarar tsoho ne, kuma asalinsa ruɗanin suna ne. Girkawan da suna kiran cutar fata mai ɓawo da sunan lepra, mai ƙaiƙayi kuma su ce sora, ita kuwa kuturta ta ainihi wani suna daban suka ba ta mai alaƙa da giwa, saboda yadda take kaurara fata. Da Turawa suka zo fassara littattafan likitocin Larabawa zuwa Latin, sai suka ɗauki kalmar juzam, wadda ke nufin kuturta, suka fassara ta da lepra. Daga nan suna ɗaya ya hau kan cututtuka biyu da ba su haɗa komai ba. Masana tarihi da dama na ganin cewa a cikin dubban mutanen da aka killace a gidajen kutare na Turai, akwai waɗanda soriyasis kawai ke damunsu. Mu ma nan ba baƙin wannan matsala ba ne, idan aka dubi yadda kalmomi irin su kirci da kyasbi da makero da albaras ke yawo daga wannan cuta zuwa waccan gwargwadon garin da mutum ya fito.

Wani likitan Ingila mai suna Robert Willan ya yi babban ƙoƙari a littafinsa na 1808, inda ya siffanta cutar dalla-dalla a karon farko. Sai dai ya raba ta gida biyu: idan tabon ya yi da'ira ya kira shi lepra, idan ya bazu ba tsari ya kira shi soriyasis. An gudu ke nan ba a tsira ba, tun da mugun sunan yana nan manne da rabin masu cutar.

An haifi Hebra ranar 7 ga Satumba, 1816, a garin Brno na yankin Morabiya, wanda a yau yake cikin Jamhuriyar Cek, a lokacin kuwa yana ƙarƙashin daular Ostiriya. Ya yi karatu a Graz, sannan ya wuce jami'ar Biyana inda ya kammala karatun likita a 1841. Ya yi sa'ar zamani. Babban asibitin Biyana, wanda Sarki Yusufu na Biyu ya buɗe a 1784 da gadaje kimanin dubu biyu, yana hannun wasu mutum biyu da suka sauya fuskar likitanci a Turai. Na farko shi ne Carl Rokitansky, wanda aka ce ya fede gawa kusan dubu talatin da hannunsa don ya ga abin da cuta ke yi wa gaɓoɓin ciki. Na biyu shi ne Josef Skoda, gwanin sauraren ƙirji da ƙwanƙwasa shi, mutum mai tsananin shakka a kan magungunan zamaninsa. Ɗaya yana faɗin abin da yake zato tun majiyyaci na raye, ɗayan kuma yana tabbatarwa ko ƙaryatawa bayan ya mutu.

A jikin sashen ƙirji na Skoda akwai wani ɗaki da ake tara masu ƙuraje, galibinsu talakawa masu ƙazuwa. Ɗaki ne da babu likitan da ke son a tura shi, don ba a samun suna a can, ba a kuma samun kuɗi. Nan aka ajiye sabon likita Hebra, kuma daga wannan ɗaki ne ilimin fata na zamani ya taso a ƙasashen da ke magana da Jamusanci.

Akidar da ta yi kaka-gida a lokacin ita ce, duk abin da ya fito a fata alama ce ta gurɓatar ruwayen jiki, wato dattin ciki ne ke neman hanyar fita. Saboda haka likitoci da yawa suna tsoron warkar da ƙurji, kada su mayar da cutar ciki ta faɗa wa huhu ko ƙwaƙwalwa. Samuel Hahnemann ma ya kai ga iƙirarin cewa kashi bakwai cikin takwas na cututtuka masu daɗewa daga ƙazuwar da aka danne suke tasowa. Wanda ya taso a tsakaninmu ba zai yi wa Turawan nan dariya ba, don ya sha jin tsofaffi na cewa a bar ƙurji ya gama fitowa. Abin mamaki shi ne, tun 1687 wasu Italiyawa biyu, Bonomo da Cestoni, suka ga ɗan mitsitsin ƙwaron da ke haddasa ƙazuwa, kuma a 1834 wani ɗalibi mai suna Renucci ya zaƙulo shi da tsinin allura a gaban malamansa a Faris. Duk da haka manyan likitoci suka ci gaba da cewa ƙwaron baƙo ne da dattin jini ya gayyato.

Hebra ya bi hanyar da ba ta da gardama. Ya ɗauki ƙwaron ya ɗora a fatar mai lafiya, har da tasa fatar, ƙazuwa ta fito. Ya kashe ƙwaron da man farar wuta, ƙazuwa ta tafi, ba kuma wanda ya haukace ko ya kamu da tarin fuka saboda an warkar da shi. Ya buga sakamakon a 1844. Haka kuma ya riƙa shafa wani mai mai ƙuna a lafiyayyar fata yana kallon yadda take yin ja, ta yi ƙuraje, ta tsattsafo da ruwa, ta bushe ta yi ɓawo, ya nuna cewa abubuwan da magabata suka ba sunaye barkatai matakai ne na ciwo guda. A 1845 ya fito da sabon tsarin rarraba cututtukan fata gida goma sha biyu, wanda ya ɗora a kan irin sauyin da ake gani a cikin naman fatar kamar yadda Rokitansky ya koyar. A wannan shekara aka mayar da ɗakin ƙuraje sashe mai cin gashin kansa a ƙarƙashinsa, a 1849 kuma ya zama farfesa.

Akwai wani labari da masu tarihin likitanci ke bayarwa a kansa, cewa wani lokaci yakan yi kamar yana ba majiyyaci magani alhali ba komai a ciki, don kawai ya ga ko cutar za ta tafi da kanta. A yau duk likitan da ya yi haka ba da sanin majiyyaci ba, sai ya amsa tambayoyi a gaban kwamitin ladabtarwa, kuma daidai ne. Amma tambayar da ke bayan wannan dabara ita ce ginshiƙin duk wani gwajin magani: me zai faru da a ce ba a ba da komai ba? A kan soriyasis tambayar ta fi nauyi, saboda cuta ce mai tashi da lafawa. Takan yi sauƙi idan mutum ya sha rana, ta tsananta da sanyi ko da damuwa. Duk mai maganin da ya yi dace ya ba da nasa ana gab da lafawa, shi ke kwashe yabo. Wannan ne sirrin kasuwar masu tallar magani da lasifika a tashoshin mota, haka kuma shi ne sirrin manyan likitocin Turai da dama na wancan ƙarni.

Masu tarihi kan jingina raba soriyasis da kuturta ga shekarar 1841, farkon zamansa a wannan ɗaki. Abin da ya yi, a taƙaice, shi ne ya nuna cewa gida biyun da Willan ya raba cuta ɗaya ce, tun da ana ganin mai da'irar da mai bazuwar a jikin mutum guda, kuma ɗaya na rikiɗewa ta zama ɗaya. Ya tattara su ƙarƙashin sunan soriyasis, ya bar wa kuturta kalmar lepra ita kaɗai. Tun da kuturta ta yi ƙaranci a Biyana, a 1852 ya yi tattaki zuwa Norwe inda take da yawa a lokacin, inda kuma Danielssen da Boeck suka riga suka wallafa babban nazari a kanta a 1847. Gani ya kori ji. Sai a 1873 ne Armauer Hansen ya gano ƙwayar cutar kuturta a garin Bergen, ya tabbatar da madubin likita abin da Hebra ya raba da ido tsirara fiye da shekara talatin kafin nan. Bambancin da ma'aikatan lafiya ke koya har yau a cibiyar horarwa kan tarin fuka da kuturta da ke Saye a Zariya mai sauƙi ne: tabon kuturta yakan mutu, a taɓa shi da auduga mutum bai ji ba, tabon soriyasis kuwa yana ji, har ma yakan yi ƙaiƙayi.

A matsayinsa na malami, an shaide shi da kaifin ido da barkwanci mai cizo. Likitoci daga Amurka da Ingila da Rasha suka riƙa tururuwa zuwa darasinsa, inda ake shigo da majiyyaci ya dube shi tun daga kai har tafin ƙafa, ya faɗi cutarsa, wani lokaci har da sana'arsa daga kantar da ke hannunsa. Daga 1856 zuwa 1876 ya fitar da wani ƙaton kundin hotunan cututtukan fata, wanda wasu likitoci biyu masu zane, Anton Elfinger da Carl Heitzmann, suka zana da launi. Babban littafinsa na koyarwa ya fara fitowa a 1860, ɗalibinsa Moritz Kaposi, wanda ya auri 'yarsa, ya taimaka aka kammala shi. Alamar nan da ɗaliban likita ke haddacewa, ta ɗigon jini da ke fitowa idan an kankare ɓawon soriyasis, sunan wani ɗalibin nasa take ɗauke da shi, Heinrich Auspitz. Shi ne kuma ya ƙirƙiro gadon ruwa, inda ake kwantar da wanda ya ƙone ko mai salewar fata a cikin ruwan ɗumi na tsawon makonni.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Gane cuta daban, warkar da ita daban. Hebra ya jarraba magunguna masu yawa a kan soriyasis ya watsar da mafi yawansu, ya kuma faɗi gaskiyar da har yau ba a ƙaryata ba, cewa ana iya share tabon amma cutar na dawowa, kuma tana bin jinin dangi. Abin da ya riƙe shi ne wanka mai tsawo, da wani koren sabulu, da man kwalta, sai kuma maganin sha guda ɗaya da ya gamsu yana aiki, wato asenik. Guba ce sananniya, wadda wani likitan Ingila, Thomas Fowler, ya tsarma ta a ruwa a 1786 ta zama magani. Kuma alal haƙiƙa tana share tabon a jikin mutane da yawa. Idon Hebra bai yaudare shi ba a kan abin da ya gani cikin wata uku ko shida. Abin da ido ɗaya ba zai iya gani ba shi ne abin da ke faruwa bayan shekara goma ko ashirin, lokacin da majiyyaci ya koma ƙauyensu ya faɗa hannun wani likitan. Shekaru kaɗan bayan rasuwar Hebra, Jonathan Hutchinson na Landan ya ba da rahoton masu soriyasis da suka daɗe suna shan asenik, tafin hannunsu da na ƙafarsu ya yi kanta, daga baya kansar fata ta ɓullo.

Akwai kuma wani wurin da ya zarce. Cikin zafin yaƙinsa da masu akidar dattin ciki, ya karkata ga ɗaukar yawancin cututtukan fata a matsayin matsalar fata kawai. A kan ƙazuwa ya yi daidai ɗari bisa ɗari. A kan soriyasis kuwa, binciken da aka yi daga 1979, lokacin da aka lura cewa wani magani mai danne garkuwar jiki yana share tabon, ya nuna cewa tushen cutar a ciki yake. An kuma gano cewa masu ita sun fi sauran jama'a fuskantar ciwon gaɓoɓi da ciwon sukari da na zuciya. Ashe tsofaffin da ya ƙaryata suna da ɗan rabo a gaskiya, duk da cewa hujjarsu ba ta da tushe.

Ba za a ba da tarihin Hebra a tsallake Ignaz Semmelweis ba, kuma a ganina nan ne labarin ya fi ciwo. Semmelweis ɗan Hungari ne, abokinsa, yana aiki a sashen haihuwa na wannan asibiti. Ya lura cewa a ɗakin da ɗaliban likita ke karɓar haihuwa, kusan mace ɗaya cikin goma na mutuwa da zazzaɓin jego, a ɗakin ungozomai kuwa ba su kai rabin haka ba. Ɗaliban daga ɗakin fede gawa suke zuwa. A watan Mayun 1847 ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen da suka haura kashi 18 cikin ɗari a watan Afrilu suka faɗo zuwa kimanin kashi 2 cikin 'yan watanni. Semmelweis ba ya son rubutu, don haka Hebra ne, a matsayinsa na editan mujallar ƙungiyar likitocin Biyana, ya sanar da duniya a Disambar 1847 da kuma Afrilun 1848. Manyan farfesoshin haihuwa na Turai suka yi biris. Ga alƙaluma a ƙasa, amma girman rawani ya rinjaye su.

Shekaru suka shuɗe, Semmelweis ya koma gida cike da ɗaci, hankalinsa ya fara taɓuwa. A ƙarshen Yulin 1865 iyalinsa suka kawo shi Biyana, Hebra ya tarbe shi a tashar jirgin ƙasa, ya kai shi wani gida da sunan zai nuna masa sabuwar cibiyarsa. Gidan mahaukata ne. Da ya yi yunƙurin fita masu gadi suka yi masa duka, bayan mako biyu ya mutu da ruɓar jini yana da shekara 47. Wataƙila Hebra ya ɗauka taimako yake yi wa iyalin amininsa, kuma ba shi ya ɗaga hannu ya doke shi ba. Duk da haka ni dai ban ga yadda za a wanke shi tas ba. Mutumin da ya gina sunansa a kan faɗa wa manya gaskiya, da yaudara ya raka abokinsa zuwa ƙofar da bai sake fitowa ba.

Idan aka haɗa labarin asenik da na Semmelweis, za a ga gurbin da ƙa'idojin magani na zamani suka zo cikewa. A na farko, babban malami ya gaskata idonsa ya kuskure. A na biyu, ƙaramin likita ya zo da ƙidaya manya suka ƙi ji. An ɗauki kusan ƙarni guda kafin a samo mafita. A 1948 aka buga gwajin nan na Birtaniya a kan maganin tarin fuka, inda aka raba majiyyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a don kada son zuciyar likita ya shiga. A 1972 Archie Cochrane ya wallafa ɗan littafinsa da ya ƙalubalanci likitoci su tattara irin waɗannan gwaje-gwaje, a farkon shekarun 1990 kuma malaman jami'ar McMaster ta Kanada suka raɗa wa tafarkin sunan likitanci bisa hujja. A ɓangaren soriyasis, an samu haɗa kwalta da hasken fitila na musamman daga William Goeckerman a 1925, Amurka ta amince da methotrexate a farkon shekarun 1970, a 1978 kuma wasu likitocin Suwidin biyu suka ƙirƙiro ma'aunin da ke ba tsananin cutar maki daga sifili zuwa 72, ta yadda likitan Kano da na Tokiyo za su iya nufin abu ɗaya idan suka ce an samu sauƙi.

Yadda ake rubuta ƙa'ida a yau kishiyar yadda Hebra ya yi aiki ne. Kwamiti ake kafawa, da likitocin fata da na gaɓoɓi da masu harhaɗa magani da ma'aikatan jinya da wakilan majiyyata. Kowa sai ya bayyana ko ya taɓa karɓar kuɗin kamfanin magani. A tsara tambayoyi, a tattaro duk gwajin da aka buga, a auna ingancin kowanne, sannan a rubuta shawara tare da nuna ƙarfin hujjar da ke bayanta, a kuma sa lokacin da za a sake dubawa. Ra'ayin babban farfesa, wanda a zamanin Hebra shi ne doka, yanzu shi ne a matakin ƙasa. Jamusawa suka fitar da irin wannan ƙa'ida a kan soriyasis a 2006, ta Turai baki ɗaya ta biyo baya a 2009, ta Ingila a 2012. Amfanin sake dubawa ya fito fili a kan maganin efalizumab, wanda aka amince da shi a 2003 aka janye shi a 2009 bayan an gano yana jawo wata mummunar cutar ƙwaƙwalwa ga wasu. Shekara shida aka yi kafin a kama wannan, asenik kuwa ya haura ɗari da hamsin yana yawo.

Abin tambaya ga namu likitocin shi ne, a jikin wa aka tattara wannan hujja? Hotunan kundin Hebra galibi na farar fata ne, kuma littattafan da suka gaje shi sun ci gaba da siffanta soriyasis da jan tabo. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba, tabon yakan yi duhu ko ruwan toka ko shuɗi-shuɗi, kuma ko bayan ya warke yakan bar shaida mai daɗewa wadda ta fi damun majiyyaci. Ma'aunin nan na 1978 yana ba da wani ɓangare na makinsa ne a kan jan fata, saboda haka yana iya rage tsananin cutar a jikin Bahaushe. Manyan gwaje-gwajen sababbin allurai galibi a kan Turawa aka yi su. Su alluran, ban da tsadar da ta fi ƙarfin albashin ma'aikaci, wasunsu na iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, ko su farkar da ciwon hanta nau'in B, cututtuka biyu da suka yi katutu a yankinmu. Methotrexate mai araha ne, amma sau ɗaya ake shansa a mako, wanda ya yi kuskure ya sha kullum yana iya rasa ransa, ba a kuma ba mai juna biyu. Sanannen abu ne cewa kulorokwin na iya tayar da cutar, haka ma cutar ƙanjamau, don haka soriyasis da ta ɓarke farat ɗaya da tsanani dalili ce ta yin gwajin jini.

Asenik ɗin zamaninmu kuwa yana kan teburin kowane mai kemis. Ina nufin mayukan sitiroyid masu ƙarfi, waɗanda ake sayarwa ba takardar likita, waɗanda kuma mata da dama ke haɗawa a man bilicin. Mai soriyasis ya shafa mako guda ya ga abin al'ajabi, ya ci gaba wata da watanni, fata ta yi sirara ta tsage, ranar da ya daina cutar ta dawo da ƙarfinta. Allura ko ƙwayar sitiroyid ta fi haɗari, domin janye ta na iya mayar da cutar mai ƙurajen mugunya a duk jiki. Ƙa'idojin da na ambata sun yarda da man sitiroyid, amma da ƙayyadadden lokaci da hutu a tsakani. A tawa fahimtar, kwafo ƙa'idar Landan ko ta Balin a manna mata tambarin ma'aikatar lafiya ba zai wadatar ba. Asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos na ganin isassun majiyyata da za su iya buɗe rajista guda, su ɗauki hotunan cutar a baƙar fata da izinin masu ita, su bi diddigin waɗanda ke shan methotrexate shekara da shekaru. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri da ya amince cewa soriyasis cuta ce mai tsanani da ba ta yaɗuwa, ya kuma nemi ƙasashe su yaƙi ƙyamar masu ita. Nijeriya da Nijar duka mambobi ne.

Shi dai Hebra ya ga ɗaukaka tun yana raye. An ba shi cikakkiyar kujerar farfesa a 1869, sarki ya ba shi sarautar jarumta a 1877, bayan rasuwar Rokitansky kuma aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar likitocin Biyana. Bai daɗe a wannan matsayi ba, domin rashin lafiya ta riga ta ci ƙarfinsa. Ya rasu a Biyana ranar 5 ga Agusta, 1880, saura wata guda ya cika shekara 64, aka binne shi a maƙabartar Hernals. Surukinsa Kaposi, wanda likitocin Afirka suka san sunansa ta dalilin kansar fatar nan da ke bin masu ƙanjamau, shi ya gaji kujerarsa da ɗakunansa da ɗalibansa. Ya gaji kwalbar asenik ɗin ma, kuma likitocin fata ba su daina rubuta ta ga masu soriyasis ba sai wajen tsakiyar ƙarni na ashirin.